Ranar da Kakana Ya Yi Musun Ƙyastun Ubansa

Ni mutum ne mai mantuwa, kowa ya shaide ni a kan haka. Na sha neman hulata alhali tana bisa kaina, kuma akwai ranar da na je kasuwa a kan jaki na dawo gida a ƙasa, ina ta mamakin yadda hanya ta ƙara tsawo. Amma abin da ya faru a tsohon mangazan Magariya, wato ɗakin ajiyar kaya, ranar da kakana ya dubi kayan ubansa ya rantse bai taɓa ganinsa ba, wannan ko da sabulu da soso aka wanke mini ƙwaƙwalwa ba zai fita ba. In na tuna shi ina cikin shan fura, sai an buga mini baya.

A shekarun saba'in ne, bayan farin nan da ya cinye dabbobi, soja ba su daɗe da karɓar mulki ba. Lokacin ina sabon mushe, wato malamin makaranta, a wata lakwal ta Magariya, ina koyar da 'yan ƙananan aji, sabon aure, sabon keke, ga baki kamar rediyo mai sabon batir. Direktanmu kuwa dattijo ne siriri, mai sanyin magana. In ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Wata shekara aka kira shi Yamai wani horo, can ya shiga gidan ajiye kayan tarihi, ya dawo mana kamar wanda aka yi wa turare. A lokacin farin ya ga yadda mutane suka riƙa fid da kayan kakanninsu suna ba da su don tiyar hatsi, 'yan kasuwa suna lodawa a kamyo, manyan motocin kaya, suna tafiya da su inda ba mai sake ganinsu. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ce lalle sai Magariya ta samu ɗaki guda inda za a tara abin da ya rage, don jikoki su gani.

Duk hutun lakwal sai mu hau kekuna mu nufi ƙauyukan Dungas da na Sassumbrum, muna neman aron kayan da. Shi yana da ilimi da haƙuri, ni ina da baki da dangi, don babu ƙauyen da za mu shiga in rasa wadda zan kira gwaggo. Muka samo akussa da tandu, da mazari da abdugarsa, da zugazugin maƙera, da walki, da kwari da baka, da wata tsohuwar hauya da ƙotarta ta yi santsi don riƙo. Kowane tsoho in zai miƙa kayansa sai direkta ya dafa ƙirji ya ce masa, “Baba, amana ce. Ba za ta kwanta a ƙasa ba, kuma jikokinka za su zo su gan ta.” Wannan alkawari shi ne ya zame masa kaya a ka daga baya.

A wani ƙauye gaba da Dungas akwai ƙanen kakana na wajen uwa, wanda ni Kaka nake ce masa, shi kuma yana kirana abokina. Tsakaninmu babu gaisuwa sai tsokana. Ni in ce zan ƙwace masa tsohuwarsa, shi ya ce amaryata ta fi dacewa da mai gemu. Shi ne ya ba mu ƙyastu. Ga 'yan yanzu da suka tashi suka tarar da almeti, wato ashana: ƙyastu ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ne da ake bugawa a jikin ƙanƙarar dutse, tartsatsi ya faɗa kan abduga, a hura, wuta ta kama. Nasa yana cikin 'yar jakar fata da ta yi baƙi don tsufa. Na ubansa ne, uban ya sayo shi a Kano zamanin da yake fatauci. Da zai ba ni sai da ya riƙe hannuna ya ce, “Abokina, in wannan ya ɓata, ka kawo mini amaryarka da tabarmarta.” Na ce, “In ta ga haƙoranka ai da kanta za ta nemo ƙyastun.”

Da kaya suka taru sai maganar ɗaki. Direkta ya yi ta sintiri a biro, wato ofishin kwamanda mai mulkin ƙasar Magariya, har takalminsa ya san hanya shi kaɗai. Daga ƙarshe kwamanda ya ba mu wani tsohon mangaza a bakin kasuwa, amma da sharaɗi. Ya ce akwai buhunan siminti da ke jiran ɗakin. Zai ba mu ɗan lokaci mu gwada, sannan wata ranar kasuwa zai zo da kansa ya duba. In ya tarar jama'a na shiga, ɗaki ya zama namu. In ya tarar da mu muna kallon juna, to mu kwashe tarkacenmu, siminti ya shiga. Muka ce mun yarda. Murna ta hana mu tsayawa mu tuna ko me ake ajiyewa a mangazan nan a da. Ni da aka haifa a garin na sani sarai, amma kaina na can wajen farar ƙasar da za a shafa wa bango.

Muka gyara ɗaki ya yi fes. Muka kwaso tabul-tabul daga lakwal muka jera kaya a kai. Direkta ya zauna da kyakkyawan rubutunsa ya yi wa kowane kaya 'yar takarda da Faransanci, da lamba a sama, muka ɗaura wa kowanne a wuya da zare. Muka ja igiya daga bango zuwa bango don kada a matso kusa, muka kafa allo mai cewa kada a taɓa, wani kuma mai cewa a yi shiru, duk da Faransanci, yadda ya gani a Yamai. Kwamanda ya ƙara mana da alheri: ya ba mu aron gardi guda, dogarin gwamnati, ya tsare ƙofa. Gardin nan mutumin kirki ne, ko kaza ba ya iya kora, amma Allah ya ba shi gashin baki wanda tsuntsu zai iya yin sheƙa a ciki, ga jar hula, ga ɗamara. Muka ce masa aikinsa ya tsaya ƙyam, kada ya yi surutu da kowa.

Sai muka kira sankira. Direkta yana so tsofaffi su zo su ƙara mana sani a kan kayan, don haka ya ce a faɗa cewa duk wanda ya san wani abu ya taimaka. Sankira ya ɗauki gangarsa ya zaga gari yana cewa: “Ana gaishe ku, jama'a! Kwamanda ya ce a gaya muku, an tattaro kaya daga ƙauyuka an tara a mangazan bakin kasuwa! Kowa ya zo ya duba! Wanda ya gane wani abu, ya tsaya ya yi bayani!” Muna jinsa daga lakwal, direkta yana gyaɗa kai, ni ina cewa kai, mutumin nan ya iya shela.

Ranar buɗewa muka sa manyan riguna muka tsaya muna jiran cunkoso. Har na tanadi muryar da zan riƙa cewa a bi sannu, kada a ture juna. Babu wanda ya zo. Ba rashin zuwan kaɗai ba, hanyar gaban mangazan ma sai ta mutu. Mutanen da suka saba bi ta nan zuwa kasuwa suka koma zagayawa ta bayan masallaci. Na rantse na ga wani jaki ya iso daidai ƙofar, ya dubi gardi, ya juya da kansa ba tare da an ja shi ba. Ɗaiɗaikun baƙi da ba su san gari ba sukan tsaya nesa kaɗan su yi sallama. Gardi, da yake an ce ya yi shiru, sai ya gyaɗa musu gashin baki kawai. Su sake sallama, su ji tsit, su juya. Wane babban mutum ne zai faɗa ɗakin da ba a amsa masa sallama ba?

Kasuwa ta ci ta watse, wata ta sake ci, ɗaki na nan kamar an yi shara. Direkta, wanda da ma ba jiki gare shi ba, ya ƙara zama kamar sillen kara. Yakan zauna a bakin tabul ya ce, “Mushe, ko dai mutanenmu ba su damu da abin da ya wuce ba?” Ni kuwa na ce ba zai yiwu ba. Na fita na kamo wani manomi da hannu, mutumin da na sani, na jawo shi ciki yana tirjewa. Ya tuɓe takalmansa ya rungume su a ƙirji. Na kai shi gaban tsohuwar hauyar nan na ce, “Malam, dubi wannan. Yaya kuke ce mata a wajenku?”

Ya dube ta, ya dubi takardar da ke wuyanta, ya saci kallon gardi. Ya ce, “Wallahi mushe, ban taɓa ganin irin wannan abu ba.”

Na ce, “Hauya ce fa!”

Ya ce, “Haka ake ce mata? Allah mai iko. Me ake yi da ita?”

Mutumin da tafin hannunsa ya yi kanta kamar bayan kunkuru saboda noma! Yana fita ya manta da sa takalmi, ya ruga da su a hannu.

Wadda ta warware mini ƙullin ita ce wata gwaggona mai sayar da ƙosai a bakin tasha. Ranar da kwamanda ya aiko cewa yau zai zo, da sassafe na biya wajenta in karya. Tana ganina ta saki matsami ta dafe ƙirji.

“La ilaha illallahu! Sun sako ka?”

“Su wa, Gwaggo?”

Ta jawo ni kusa ta rage murya. “An ce an kama direktanku da kayan mutane, kai ma kana ciki. Ana tsare da ku a mangaza, gardi na gadinku daga safe har yamma.”

Na fashe da dariya na ce ai ɗakin tarihi ne. Ta ce, “Ɗakin me? Kai ɗan nan, ka yi lakwal amma ba ka da wayo. Mangazan nan ba nan ne 'yan duwan, ma'aikatan kwastan, ke zuba kayan da suka kama ba tun kana cikin tsumma? To an tara kaya a ciki. An rataya wa kowanne takarda da lamba a wuya, yadda suke yi. An ja igiya. An kafa mai jar hula a ƙofa. Sannan aka ce wanda ya gane nasa ya tsaya ya yi bayani. Kai in kai ne, za ka gane?”

Wanda bai zauna garin kan iyaka ba ba zai fahimci nauyin kalmar nan ba. A Magariya ta wancan lokaci, in ka shiga kowane gida, daga atamfar uwargida har kananzir ɗin fitila da sukarin shayi, da wuya ka samu abin da bai tsallako daga Najeriya ta bayan gari ba. Ba wanda ke kiran kansa ɗan fasa-ƙwauri, kowa dai ziyarar dangi ya je ya dawo da ɗan tsaraba. Saboda haka kalmar bayani wuri guda aka san ana yin ta: a tsaye, gaban mai ɗamara, hula a hannu. Mu muna nufin a zo a koya mana, gari ya ji a zo a tona kai.

Na ruga na gaya wa direkta. Sai ya fara dariya, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba, har ya zame daga kan kujera yana share hawaye. Da dariyar ta lafa ya dubi rana ya ce, “Kwamanda na tafe bayan azahar. Tashi.” Muka bi kaya da almakashi muna yanke takardun wuya. Muka aro tabarmi muka shimfiɗa, muka kawo randa da moɗa muka ajiye a bakin ƙofa. Gardi ya ce shi ba zai iya tuɓe kayan sarki yana bakin aiki ba, sai muka sasanta: ya cusa jar hular a aljihu, na ba shi babbar rigata ya ɗora a sama. Rigar ta tsaya masa a gwiwa, manyan takalman gwamnati na leƙowa ta ƙasa. Muka ce duk wanda ya yi sallama ya amsa da ƙarfi. Igiyar ce kawai direkta ya ce a bari tukuna, don zuciyarsa ba ta kai ga nan ba.

Muka sake tura sankira cikin kasuwa. Wannan karon ya ce, “Jama'a, a kwantar da hankali, ba wanda za a kama!” Nan take masu rumfunan da ke kusa da mu suka fara tattara kayansu. Wani mai goro ya ce mini, “Mushe, ai duk ranar da za a yi kamu haka ake fara cewa.”

A bayan rumfar mai goron nan na hango wani rawani da na sani yana ƙoƙarin ɓuya. Kaka ne. Labari ya kai masa har ƙauye cewa an kama jikansa da ƙyastun ubansa, ya hau jaki tun asuba ya zo ya ga abin da ake ciki, amma daga nesa.

Na ce, “Tsoho, ɓuya kake? Ashe tsohuwarka gaskiya ta gaya mini, ta ce kai ko kare ya yi haushi bayanta kake shiga.”

Ya fito yana huci. “Ni? Ni da na kwana a dajin da ubanka bai isa ya bi da rana ba?”

“To zo mu shiga ka sha ruwa.”

Ya dubi mangaza, ya dubi mutanen da suka fara taruwa suna jin mu. Ba yadda zai yi. Ya gyara rawani ya bi ni, yana tafiya kamar mai zuwa wajen wanzami a cire masa haƙori. Rabin kasuwa ta biyo mu a baya, ba don tarihi ba, don su ga yadda ake kama tsoho. Ya yi sallama a ƙofa da 'yar siririyar murya. Gardi ya amsa da wata irin tsawa da ta sa kajin kasuwa suka watse. Kaka ya yi baya zai gudu, na tare shi.

Muna shiga sai ga motar kwamanda ta tsaya. Ya shigo da takalmansa masu ƙara, ya dubi ɗaki: tsoho guda, mushe biyu, gardi cikin rigar aro. A waje kuwa kawuna sun cika tagogi da bakin ƙofa, amma ba ƙafa ko ɗaya da ta tsallako dokin ƙofa. Ya ce wa direkta, “Su ke nan jama'ar taka?” Direkta ya je gaban tabul ya nuna wa Kaka ƙyastun, ya ce, “Baba, ka san wannan?”

Kaka ya dubi 'yar jakar fatar da ya yi shekaru yana kwana da ita a ƙarƙashin matashi. Ya dubi kwamanda.

“Ni? A'a. Mene ne shi?”

“Baba, ba kai ka ba mu shi da hannunka ba?”

“Ɗana, ka yi kama da mutumin kirki, amma yau na fara ganinka.”

Kwamanda ya duba agogonsa. Na ga fuskar direkta, na ga kekunan da muka tura cikin rairayi, da duk ƙirjin da ya dafa a gaban tsofaffi, suna shirin komawa ƙarƙashin buhun siminti. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Shi bakin nan nawa da ma ba ya neman izinina.

Na ɗaga murya yadda na taga za su ji, na ce, “Ranka ya daɗe, tunda abin ba shi da mai shi, ni bari in faɗi tarihinsa. Wannan ɗan kunne ne. Na matar wani basamude ne da ya zauna a ƙasar Dungas. Kunnenta guda ya kai faifai, in tana tafiya ɗan kunnen na kaɗawa, sai mutanen Sassumbrum su ce ana kiɗan biki.”

Wani ya tuntsire da dariya a taga. Na saci kallon Kaka, na ga gemunsa ya fara motsi.

Na ci gaba. “Wannan dutsen kuma na goge kaushin ƙafarta ne. Akwai masu cewa wai da irin wannan ake kunna wuta a da. Ƙarya ce, ranka ya daɗe. Mutanen da ba su san wuta ba, ɗanyen gero suke tauna. Wannan ƙarfen banza ko shekara za a yi ana buga shi, ba zai ba da ko tartsatsi guda ba. Wanda ya saye shi ma cutarsa aka yi.”

“Ƙarya kake, ɗan nema!”

Kafin kowa ya motsa, tsohon nan da ke jan ƙafa ya tsallake igiya kamar ɗan akuya. Ya fizgi jakar, ya zazzage ƙarfe da dutse a tafin hannunsa, yana cewa, “Ubana ne za a cuta? Ubana da ya zaɓe shi cikin guda nawa a kasuwar Kano? Ɗanyen gero! Kakanka ne mai tauna ɗanyen gero!” Na ce, “Ai kai ne kakan nawa.” Bai ko ji ni ba. Yana ta laluben jakar yana neman abduga, babu.

A nan direkta ya yi abin da har gobe nake ganin girmansa. Shi da ya kafa allon kada a taɓa, shi ya je wajen mazarin da muka jera da kyau, ya tsinko abduga daga jikinsa, ya kawo wa Kaka da hannu biyu ya ce, “Ga ta, Baba.” Sannan ya kwance igiyar ya naɗe ta ya jefa ƙarƙashin tabul.

Kaka ya tsuguna. Ya ɗora abdugar a kan dutsen, ya danne da babban yatsa, ya buga. Ƙyas! Ya sake. Ƙyas! Tartsatsi ya faɗa, ya kai bakinsa yana hurawa a hankali kamar mai yi wa jariri raɗa. Sai ga hayaƙi siriri ya miƙe, sai ga ja. Daga tagogi aka ɗauki kabbara da guɗa. Shi kuwa ya manta da kwamanda, ya manta da gardi, ya shiga ba da labari: yadda ubansa ke fatauci da jakuna, yadda wata rana ruwa ya dake su a zango kowa ya jiƙe, wutar kowa ta ƙi kamawa sai tasa, don shi a cikin hularsa yake ɓoye abduga, yadda duk ayarin suka ɗebi wuta a wajensa, yadda ya koya masa bugun yana yaro, yana make masa hannu in ya riƙe dutsen a karkace. Muryarsa ta ɗan shaƙe a wajen nan, ya ce hayaƙi ne.

Sai ya ɗago kai ya ga takalman kwamanda a gabansa. Na ga lokacin da hankalinsa ya dawo. Ya miƙe a hankali, ya ajiye ƙyastun, ya haɗa hannuwansa biyu ya miƙa.

“To, ranka ya daɗe, nawa ne. Daga Kano ya shigo, kuma ba shi da takarda. A ɗaure ni. Amma don Allah a haɗa da yaron nan, ya daina yi wa matattu ƙarya.”

Kwamanda ya yi ƙoƙari ya riƙe fuskarsa irin ta manya, abin ya gagara. Ya yi dariya har ya dafa bango. Sannan ya zaro sigari daga aljihu ya sunkuya ya ce, “Baba, a taimake ni da wuta.” Kaka ya miƙa masa abdugar da ke ci. Kwamandan ƙasa guda ya kunna sigarinsa da wutar fataken da.

Wannan shi ya fasa taron. Jama'a suka ga an gane kaya, an yi bayani, kuma ba a ɗaure kowa ba. Suka kwararo ciki kamar an buɗe wa tumaki garke. Takalman da aka tuɓe a ƙofa sun yi tudun da sai da gardi ya hau kansa yana ba da hannu. Manomin nan da bai taɓa ganin hauya ba, shi na tarar ya riƙe ta yana nuna wa kwamanda yadda ake tura ta, yana cewa ƙotar ta yi gajarta, mai ita gajere ne. Wata tsohuwa ta ɗauki mazari ta murza shi a cinya, zare ya fara fita, 'yan mata suka kewaye ta baki buɗe. Maƙera biyu suka kusa dambe a kan ko zugazugin na wane gari ne. Aka jawo wani makaho, ya ce shi me zai gani a nan. Direkta ya ɗora masa akushi a hannu, ya shafa bakinsa, ya shinshina, ya ce na tuwon dawa ne, kuma matar gidan ba ta rowar mai. Kwamanda ya nemi hanyar fita ya rasa, sai da gardi ya buɗa masa. A bakin mota ya ce wa direkta, “Siminti zai nemi wani ɗaki.” Direkta ya riƙe hannunsa yana ta girgizawa.

Daga ranar tsarin ɗakin ya sake. Tabarmi da randa suka zauna dindindin, don tsoho ba ya jin labari a tsaye da ƙishirwa. Kullum akwai mai amsa sallama. Direkta ya sake rubuta takardun, gajeru, da Hausa, boko a sama ajami a ƙasa, aka jingina su a gefe maimakon ratayawa a wuya, kowace da sunan ƙauyen da kayan ya fito. Abin da ke iya karyewa aka ɗaga shi sama, sauran kuwa kowa ya ɗauka ya juya. Aka ware wa mata yammacin wata rana su kaɗai, kuma in suna ciki ana jin shewarsu har tasha. Sankira bai ƙara furta kalmar bayani ba. Cewa yake a zo mangaza a yi hira. Ni kuma aka ba ni muƙamin da ya fi dacewa da ni a duk aikin gwamnatin da na yi: in baƙi suka shigo suka yi tsuru-tsuru, sai in matso in shirga ƙarya guda a kan wani kaya. Ban taɓa kai ƙarshenta ba sai wani ya ce, “Haba mushe, ba haka ba ne,” daga nan sai in ja bakina in zauna in sha labari.

Kaka ya mai da ranar kasuwa ranar aikinsa. Yakan zo ya zauna kusa da ƙyastunsa yana jiran a tambaye shi, in ba a tambaya ba ya tambayi kansa. Ya buga dutsen nan har ya kusa ƙarewa. Kuma har ya bar duniya bai yarda ya taɓa musun kayan ubansa ba. Cewa yake yana gwada direkta ne, ya ga ko zai riƙe amana.

Abin da ranar nan ta koya mini, na yi amfani da shi a aji da wajen aji har na yi furfura. Babban mutum ba ɗan lakwal ba ne da za ka tsayar a bayan igiya ka ce ya yi shiru ya karanta. Yana shigowa da nasa sanin, da nasa tsoron, kuma tun daga ƙofa yake karanta ka, kafin ya karanta takardarka. Ka amsa masa sallama, ka ba shi wurin zama, ka yi masa magana da kalmar da ba za ta tsorata shi ba, ka sa masa abin a hannu, sannan ka bar masa gurbin da zai ce wani abu. In ya ƙi magana, to ka yi kuskure a gabansa da gangan, don ban taɓa ganin Bahaushen da zai iya jin ana ɓata labarin ubansa ya yi shiru ba.

Ƙyastun yana wajena yanzu, Kaka ya bar mini shi. Jikokina sukan ce in kunna musu wuta da shi, ni kuwa duk bugun da na yi, yatsana nake samu. Sai in gaya musu ai ɗan kunnen matar basamude ne. Ƙaramarsu takan riƙe ƙugu ta ce, “Ƙarya kake, Kaka!” In ce, madalla, zo ki zauna ki gaya mini gaskiyar.